Yadda ake bin sawun kayan gini da wayar salula

Magina da 'yan kwangila a Damagaram sun yi ta tambayata, to ga matakan.

1. Ofis ya shigar da oda cikin manhaja: siminti, rodi, yashi, da ranar isowa.
2. Da mota ta iso, ɗauki hoton takardar direba.
3. Ƙirga buhunan da kanka.
Hattara, nan ake tafka asara! Kada ka danna alamar karɓa sai an gama saukewa. Simintin Malbaza ne ko na Najeriya, buhu kilo 50 ne. Ware fasasshe da wanda ya daskare.
4. Rubuta abin da idonka ya gani, ba na takarda ba.
5. Direba ya sa hannu a wayar.
6. Tura wa ofis. In rezo ya ɗauke, adana, ka tura daga baya.
7. Ofis ya gwada da odar kafin ya biya.