Yadda na gyara haɗin shayin madarata da ya dunƙule

Cikin Agusta, damina ta yi nisa, na buɗe gwangwanin haɗin shayina na tarar ya dunƙule kamar dawo. Laifina ne. Cittar da na sayo a babbar kasuwar Maradi ba ta gama bushewa ba, na daka ta haka nan na haɗa da madarar gari da sukari, duk suka sha danshi.

Na sake shanya citta kwana 3, har tana karyewa ƙas. Na ɗan gasa kanumfari da kirfa a busasshen kasko, na daka, na tankaɗe sau 2. Kanumfari kaɗan, in ya yi yawa ɗaci yake. Yanzu kayan ƙamshin suna kwalbarsu daban, madara da sukari sai shayi ya tafasa. Rabin cokali ya ishe ni, maigida kuwa sai an cika masa.