Yadda nake gane ko shirin awon tamowa yana aiki ko cika takarda kawai ake yi

Na yi shekaru ina zagayen duba ƙananan asibitocin karkara a kan babur, kuma abin da aka fi tarbata da shi shi ne takardar ƙidaya: "Ranka ya daɗe, wannan watan mun auna yara kaza." Nakan karɓa, in yi godiya, in ninke ta in sa a aljihu. Yawan waɗanda aka auna yana nuna cewa ma'aikata sun fita, rana ta dake su, amma bai gaya mini inda yaron da aka samu da ciwo ya ƙare ba. In an ɗora maka duba irin wannan shiri, ga yadda ni nake bi.

Kafin rajista, ɗakin ajiya nake fara shiga. Tun 1968 Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗa goma na binciken cuta a cikin jama'a, kuma ɗaya daga ciki shi ne a tanadi magani ga wanda aka gano. Saboda haka ka nemi katin kaya, ka ga ranakun da abincin nan na leda mai gyaɗa da madara, wanda ake kira RUTF, wato maganin tamowar, ya yanke a wata shida da suka wuce. Uwar da ta tako da goyo daga nesa aka ce mata babu, da wuya ta dawo, kuma kishiyarta da maƙwabciyarta za su ji labari kafin magariba.

Daga nan sai awon kansa. Zaren awon damtse, wanda ma'aikata ke ce wa muwak, na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, abin da ya kai 12.5 kore. Kada ka tambayi ma'aikaci ko ya iya, zai ce ya iya. Tara yara goma a inuwa, kowa ya auna su sau biyu ba tare da ya ga abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba, kai ma ka auna. Nan za ka ga mai jan zare har ya shige fata da mai barinsa sakwa-sakwa. Ka lura kuma ko suna danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku don duba kumburi. Yaro mai kumburi damtsensa na iya nuna kore alhali yana cikin haɗari, kuma wannan ne aka fi mantawa.

A rajista akwai abu biyu da nake nema waɗanda rahoton wata ba ya nunawa. Na farko, in na ga 11.4 ta cika shafi, na san ana jan zare don a shigar da yaron dangi ko na mai unguwa. Ba na saurin faɗa a kan wannan, domin a lokacin da rumbu ya yi ƙasa tausayi ke jawo shi, amma nakan rubuta. Na biyu, awon da yawancin yara ke shigowa da shi. In kusa da 11.5 suke zuwa, ana kama ciwon da wuri. In akasarinsu sai sun gangara wajen 10, awon gida-gida bai kai inda ya kamata ba, ko da takarda ta ce an auna dubbai.

Sai lissafin fita, wanda shi ne zuciyar aikin. Ana yinsa ne a kan yaran da suka bar shirin, ba waɗanda suka shiga ba. Ma'aunin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke amfani da shi ya ce waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin ɗari, mutuwa ta gaza kashi 10, waɗanda suka daina zuwa su gaza kashi 15. A ce yara 200 sun fita: 160 sun warke, 6 sun rasu, 30 sun daina zuwa, 4 ba su ji magani ba. Warkewa kashi 80, mutuwa kashi 3. Kowa zai tafa. Ni kuwa waɗannan 30 nake bi. Nakan ɗebi sunaye goma ba zaɓe, in ɗauki ungozoma ko wani ɗan gari mu shiga gidajensu. Na taɓa yin sallama a wani gida neman yaron da aka rubuta "ya gudu", na tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa tun tuni. Rajista ba ta yi ƙarya da gangan ba, babu wanda ya je ya duba ne. Daga ranar na daina yarda da adadin mutuwar duk asibitin da ba ya bin sawun waɗanda suka ɓace.

Akwai kuma yaran da ba su taɓa zuwa ba, kuma babu littafin da ke da sunansu. Zaɓi ƙauyuka, har da na bayan rafi da rugagen Fulani, kada ka bar mai masaukinka ya zaɓa maka. Kada ka ce kana neman masu tamowa, kalmar na da nauyi a kunnen uwa. Tambayi inda yaron da ya rame yake, ko wanda aka yaye saboda ciki, ko marayan da kaka ke riƙo, ko 'yan biyu. Duk wanda ka samu a ja, duba ko yana da kati. Sphere na neman fiye da rabi su kasance cikin shiri a karkara, sama da kashi 70 a birni, sama da 90 a sansanin 'yan gudun hijira. Asibitin da ke warkar da kusan kowa amma yaro ɗaya cikin biyar kawai ke isa gare shi, bai kai wanda ke warkar da kashi 78 yana kaiwa ga mafi yawa ba.

Wajen kwatanta wuri da wuri, Agusta da Agusta ake haɗawa, ba Agusta da Janairu ba, don damina na zuwa da yunwa da gudawa da zazzaɓin cizon sauro a tare. Ƙaruwar masu shiga ma ba dole ta zama mummunan labari ba, wataƙila nema ne ya inganta. Kuɗin da shirin ya ci kuma a lissafa shi a kan kowane yaron da ya warke.

In wani wuri ya yi fice, kada ka rubuta "ma'aikata masu himma" ka rufe fayil, himma ba ta kwafuwa. Zauna ka gano takamaiman abin da suke yi dabam: ranar karɓar abinci ta dace da ranar kasuwa ne, ko an haɗa awo da rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina da ake bi gida-gida duk wata? Misalin da nake so shi ne na Mirriya a jihar Damagaram ta Nijar, inda ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA ta koya wa iyaye mata awon damtse da kansu, aka kuma gwada su da ma'aikatan sa-kai, aka tarar ba su gaza ba. Abin da ya sa dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama shi ne an gwada ta kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar hanya. Kai ma ka ɗauki abin da ka gano ka kai shi mazaɓa ɗaya, ka bar wata mai kama da ita yadda take, ka rubuta tun yau alƙaluman da za ka duba, sannan ka koma bayan kaka da zarenka a aljihu.