In mashin dinka mai kafa hudu ya nutse a ruwa, kar ka taba sitata sai ka karanta wannan

Dan uwa, ruwan da mashin ya sha ba kasafai yake kashe inji ba. Yatsan mai mashin ne yake karasa shi, a mintin nan da aka janyo shi bakin gaba kowa na cewa "gwada mu gani ko zai tashi". Na gani da idona a fadama cikin watan Agusta, mashin din yayana mai kafa hudu da muke daukar buhunan taki da shi, yaron da ke tukawa ya shiga rafin da kullum muke tsallakewa, ashe ruwan daren jiya ya kwakule kasan, sai gashi ruwa ya shanye har kujera inji ya mutu a tsakiya. Muka sa igiya muka janyo shi. Kafin in bude baki yaron ya danna sitata, muka ji wani "kwas" guda daya sannan shiru. Wannan kwas din shi ya lankwasa konrod, wato karfen da ke hada fistin da kiranshaf, aikin da bakin mai da fulogi za su gama da yamma daya sai da ya kai mu ga sauke inji gaba daya.

Dalilin ba wani boyayye bane. Fistin in yana hawa sama iska da fetur yake matsewa, yana dunkule su kusan ninki tara ko goma, iska kuwa tana yarda a matse ta. Ruwa baya matsuwa ko kadan. To in silinda ta cika da ruwa, bawul duk a rufe, ga karfin sitata yana turo fistin sama, dole wani karfe ya bada kai, kuma yawanci konrod ne, wani lokacin fistin ya tsage ko bulok din ma ya fashe. Shi yasa in ka ga ruwa na neman shanye ka kuma injin bai mutu ba tukuna, kai ka riga shi, kashe makulli da hannunka. Injin da aka kashe kafin ya zuki ruwa yafi wanda ya mutu yana gudu saukin gyara nesa ba kusa ba.

Wannan bayanin kusan duka ya shafi Boxer da Jincheng da adaidaita sahu ma, don injin fetur duk hanyarsa daya. Wadanda suka ga ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024 da madatsar Alau ta balle sun san irin ababen hawan da suka kwana cikin ruwa. Adaidaita ma injinta a baya yake can kasa kasa, bata bukatar ruwa mai zurfi kafin ta sha.

Da farko a fito da shi ba giya, a firi, da igiya ko da turi. Kar wani ya ce a tura shi a giya ya tashi, wannan da danna sitata duk abu daya ne. Da ya hau tudu ka rufe makunnin fetur in yana da shi, ka cire batir, ka fara da kan nagatif, ka ajiye shi gefe.

Sai ka bude akwatin iska, inda filta take, yawanci karkashin kujera. Nan ne zaka san gaskiyar lamarin. In ka samu ciki a bushe kal kuma filta bata jike ba, Alhamdulillahi, da alama ruwan bai bi ta nan ba, amma duk da haka ka bi sauran matakan don yana iya shiga ta salansa ko ta kananan tiyo na numfashi. In kuwa ka ga ruwa kwance a ciki to ka dauka ya kai silinda. A kasan akwatin akwai wata 'yar roba ko toshi na zubar da ruwa, cire ta, ka goge ciki da tsumma mai tsabta har lungu lungu. Filta in ta soso ce a wanke ta da ruwan sabulu a matse ba murdewa, ta bushe sosai a shafa mata bakin mai kadan. In ta takarda ce ta gama aiki, sayi wata, kar ka shanya ta a rana ka mayar.

Yanzu ka nemi mutane uku ko hudu masu karfi ku daga gaban mashin din ya tsaya a kan gindinsa, hancinsa sama, ruwan da ke cikin salansa ya kwararo. Zaka sha mamakin yawansa. Amma don Allah a yi hattara, manyan irin su Yamaha Grizzly ko Polaris Sportsman sun haura kilo 250, in ya kubuce ya fado wa mutum ba karamin rauni bane, kar kowa ya tsaya ta inda zai fado, kuma kar a bar yara kusa. Mai mashin kafa biyu shi nashi da sauki, mutum biyu sun isa su daga gaba.

Bakin mai nake so in dade a kai don nan mutane suke ganganci. Kafin ka juya injin ko sau daya ka kwance noti na kasa ka tara roba. In mashin din ya dan jima a tsaye, abin da zai fara fitowa ruwa ne zalla, don ruwa yafi mai nauyi yana kwanciya a kasa, daga baya mai ya biyo. In kuma injin yayi dan gudu da ruwan a ciki, zaka ga man ya koma kamar shayin da aka cika wa madara, wani lokacin yayi kauri kamar kunun gyada. Wannan abin ba mai bane kuma, baya rike karfe da karfe, in ka tuka da shi boris da kiranshaf da kamshaf duk sai sun cinye kansu. Ka sa yatsa biyu ka murza shi. In ka ji santsi kawai to da sauki. In ka ji tsakuwa tsakuwa, yashi ya shiga, zan dawo kan wannan. Bar shi ya tsiyaye sosai, ka girgiza mashin din hagu da dama, ka canza filtar mai in mai filta ne, in rariya ce irin ta kananan mashina ka wanke ta, sannan ka zuba sabon mai. Kar ka zuba mai tsada yanzu don zubar da shi za a yi, mai araha ya isa, amma dai ya zama na mashin in kulocinka a cikin mai yake zaune.

Akwai masu cewa a wanke cikin inji da kananzir ko gas, wasu ma har fetur. Fetur dai a'a, hadari ne kuma yana wanke duk wani maiko da ya rage. Gas da kananzir na san bakanikai da yawa na yi, ni dai ba na so, don yana saura a lungu ya tsinka sabon man da zaka zuba, kuma wani sai ya tayar da injin da shi a ciki. Kudin lita uku ko hudu na mai mai araha bai kai rabin kudin boris daya da aikin sauke inji ba.

To sai fulogi. Goge gefensa tukuna kar laka ta fada rami, sannan ka kwance shi, in silinda biyu ce ka cire duka biyun. Juyin farko da hannu za a yi a hankali, in yana da igiyar ja ka ja sannu sannu, in kik ne ka taka da hannu ko da kafa ba karfi. Ruwa zai yi tsartuwa ta ramin kamar famfo, kar ka leka da fuskarka. Abin da kake saurare a nan shine ko yana juyawa sumul. In ya je wani wuri ya cije, tsaya nan, kar ka tilasta, wani abu ya riga ya lankwashe ko laka ta cika, aikin gareji ne. In yana juyawa lafiya sai ka mayar da batir ka yi da sitata (in naka mai injekta ne fara duba tanki tukuna, bayanin na nan gaba), dakika biyar ka huta, dakika biyar ka huta, don sitata tana zafi da wuri. Kafin nan ka tabbata hular fulogi bata rataye kusa da ramin ba, ka jona ta da fulogin a jikin inji can nesa, saboda abin da ke fesowa akwai fetur a ciki kuma tartsatsi daya ya isa ya tada wuta. Dora tsumma a kan ramin, ka ci gaba har tsumman ya daina jikewa. Daga nan ka diga bakin mai kamar cokalin shayi daya a ramin ka kara juyawa sau biyu uku ya shafe bangon silinda da ringi. Fulogi in da hali sa sabo, ba tsada gare shi ba.

Kafireta tana da wani dan sukuru a kasan kwanonta, sassauta shi abin ciki ya zubo. In ruwan rafi ne mai laka kar ka tsaya nan, sauke ta a bude a busa jet jet din, don kwayar yashi daya tana toshe karamin jet mashin ya ki silo. Tanki kuma ka zuke fetur din cikin gora mai haske ka ajiye minti kadan, in da ruwa zaka ganshi ya kwanta a kasa da layi a tsakaninsu karara. In ka gani, juye tankin duka. Sababbin da basu da kafireta, masu injekta, famfon fetur dinsu yawanci cikin tanki yake kuma suna da kwakwalwa, su kam kar ka bude makulli sai ka tabbata tankin ba ruwa, don da ka bude famfon zai tura ruwan cikin layi.

Wayoyi ba wani dogon aiki, hakuri ne. Zare soket soket daya bayan daya, akwatin fiyus, na CDI (akwatin da ke sarrafa wutar fulogi), na koyil, ka busa iska, ka fesa WD-40 ko maganin wanke soket, ka bar su a bude su sha rana. In mashin din mai igiyar ja ne bude murfin wajen ma, ruwa na son buya a can.

In ka gama duk wannan sai ka yi bismillah ka tayar. Zai yi tari, zai yi gardama, salansa zata yi ta fitar da farin tururi da digon ruwa, wannan ba komai bane. Kar ka murza totur, bar shi a silo minti biyar zuwa goma kunnenka na kan injin. Kashe, ka sake juye man. Zaka ga ya sake yin fari fari, don ruwan da ya makale a lungu yanzu ya fito. Sabon mai, tayar, kashe, juye. Wani sau biyu ya isa, wani sai an yi hudu ko biyar, ma'aunin dai shine man ya fito da kalarsa ta asali. Sai a na karshe ka sa mai mai kyau da sabuwar filta, ka hau ka zaga a hankali kamar rabin awa injin yayi zafi sosai sauran danshin ya kone. Man da ka juye kuma a tara a jarka, kar a zubar a rafi ko gona, dabbobi na sha a nan mu ma muna ban ruwa da shi.

Mai kafa hudu yana da wasu wuraren da mai Boxer bai san da su ba. Yawancinsu, irin Polaris da Can-Am da Yamaha, da bel suke tafiya, yana cikin wani murfi a gefen inji, in ruwa ya shiga zaka ji inji na ihu mashin baya gaba. Akwai toshi a kasan murfin, cire ruwan ya fita, ka sa a firi ka dan ba shi wuta kadan kadan iska ta busar da bel din. In laka ce sai an bude murfin an wanke. Honda da yawa irin su Foreman basu da bel, wannan aikin ya dauke musu. Sannan akwai man aksul na gaba da na baya, kowanne da dan tiyon numfashinsa, karfe mai zafi in ya fada ruwan sanyi yana zuko ruwa ta nan ko ta sil, don haka a duba su, in sun yi fari a canza. Birki mai kwano a bude a zubar da ruwa, a gwada shi a fili kafin a dau kaya. Duk inda ake dura giris a dura sabo har tsohon ya fito.

Maganar yashi da na ce zan dawo. In ruwan ambaliya ne ja wur, kuma ka ji yashi a cikin mai ko ka ga laka a bakin kafireta ta bangaren inji, canjin mai kadai ba zai fitar da shi duka ba, gara ka kai wa bakaniken da ka yarda da shi ya bude. Haka in bayan ya tashi ka ji yana kwankwasa, ko yana karkarwa fiye da da, ko karfinsa ya ragu, ko hayaki mai shudi ya ki daukewa, kashe shi a auna matsin silinda, konrod kan lankwashe kadan inji ya ci gaba da tashi har ranar da zai karye ya huda bulok.

Kuma duk wannan aikin na ranar ne, ba na jibi ba. Ruwa in ya kwana biyu a ciki tsatsa ta fara kama ringi da boris, in ruwan gishiri ne irin na bakin teku a Legas ma ya fi sauri, shi sai an fara dauraye mashin din duka da ruwan dadi. In dare yayi maka ko kayan basu samu ba, ko ba komai ka juye man, ka fitar da ruwan silinda, ka zuba sabon mai ka diga kadan ta ramin fulogi ka juya da hannu, zai iya jiranka zuwa safe. Bayan sati daya da gyaran ka sake zaro sandar gwajin mai ka duba kalarsa, ka leka akwatin iska, ka kama kowace taya ka girgiza ka ji ko boris ya fara wasa.