Yadda Ake Gane Furen Burushi Mai Gashi da Yadda Ake Shuka Shi

Duk manomin dawa ko gero a ƙasar Hausa ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne yana da ɗan'uwa a Amurka wanda mutane ke wahala su shuka a lambu saboda kyansa. Sunansa na ilimi Castilleja foliolosa, yana fitowa a busassun gangaren duwatsu na jihar Kalifoniya da arewacin Baja Kalifoniya ta ƙasar Meziko. Kansa ja ne kamar burushin da aka tsoma a fenti, jikinsa kuma lulluɓe da farin gashi. Su biyun dangi ɗaya ne, Orobanchaceae, kuma dabararsu ɗaya: shan ruwa da abinci daga saiwar wani tsiro.

Fara da gane shi. Lokacin furensa daga Maris zuwa Yuni ne. Nemi ɗan tsiro mai rassa da yawa, tsayinsa santimita 30 zuwa 60, gindinsa ya ɗan yi itace. Daga nesa ba kore shar yake ba, toka-toka ne, sai ka ce an barbaɗa masa gari. Matso kusa ka taɓa, za ka ji laushi kamar auduga. Idan kana da gilashin ƙara girma, duba gashin: kowane sili yana da rassa. Wannan alamar ce ta fi taimakawa, domin ire-iren Castilleja sun kai kusan 200 kuma da yawa suna kama da juna. Ganyensa siriri ne, kuma a hammatar ganyen akan ga wasu ƙananan ganyaye a cunkushe.

Jan da ke ɗaukar ido kuwa ba shi ne furen ba. Ganyaye ne da suka rine, ja mai ruwan lemo, wani lokaci rawaya. Furen gaskiya ɗan siririn bututu ne mai kore-kore da ke leƙowa daga tsakiyarsu, inda wasu ƙananan tsuntsayen yankin masu iya shawagi wuri ɗaya ke zura baki su sha zaƙi.

To, shuka. Babban kuskure shi ne a tono shi daga daji a kawo gida. Kada ka yi haka. Saiwarsa a manne take da ta maƙwabcinsa, da ka cire shi ka raba su, kuma da wuya ya rayu. Sayi iri daga masu sayar da tsirran asalin yankin.

Kafin irin, tanadi mai masauki, wato tsiron da zai kama saiwarsa. A ganina nan ne aikin yake gaba ɗaya. Ƙuduji ba ya ma tsirowa sai ya ji alamar saiwar tsiro irin su dawa ko gero kusa da shi. Wannan kuwa yana tsirowa shi kaɗai, yana da koren ganyen da yake haɗa abincinsa, amma idan bai sami saiwar da zai kama ba sai ya tsumbure, sau da yawa ya mutu bai yi fure ba. Dasa masa abin da ya saba zama da shi: Artemisia californica, wadda dangin tazargade ce, ko wani tsiro mai rassa da ake kira Eriogonum fasciculatum, ko ciyawar yankin mai fitowa dunƙule-dunƙule. Bar mai masaukin ya kafu tukuna, don ya iya ɗaukar baƙo.

Zaɓi wuri mai rana sosai, ƙasa mai tsakuwa da yashi wadda ruwa ba ya kwanciya. Ba ya son taki mai yawa.

A Kalifoniya ruwan sama da sanyi yake zuwa, saboda haka Oktoba ko Nuwamba ake shuka. Irin ƙanana ne ƙwarai. Yayyafa su a gindin mai masaukin, ka danna da tafin hannu, kada ka binne. Idan lokacin ya wuce ka, gauraya irin da yashi mai danshi ka sa a firji kamar wata guda, sanyin yana taimaka masa ya farka. Mai shuka a tukunya ya haɗa su biyun a tukunya ɗaya, ranar dashe kuma ya juye ƙasar dunƙule guda ba tare da ya warware saiwoyin ba.

Watannin farko kula da danshi, ka kuma rage wa mai masaukin ganye idan ya fara yi wa ƙaramin inuwa. Da zafi ya shigo, janye hannu daga ban ruwa. Tsiron zai bushe kamar ya mutu, hutu yake yi, ruwa mai yawa a lokacin shi ke ruɓar da saiwa. Kada a ci shi, kada a bar dabbobi su yi kiwonsa, domin ire-iren Castilleja kan tara sinadarin seleniyam daga ƙasa, wanda guba ne idan ya yi yawa.

Mai sha'awar kawo irin gida Najeriya ko Nijar, shawarata ya haƙura. Daminarmu da zafi take zuwa, daidai lokacin da shi yake son bushewa, kuma tsiro mai shan saiwar wani ba abin kaiwa kusa da gonar hatsi ba ne.