Yadda na hana tsohuwar Peugeot 504 mutuwa a tsakiyar rafi

Tun da damina ta kankama, duk lokacin da na shiga mashigin rafin hanyar ƙauyenmu sai injin ya fara tari ya mutu, alhali ruwan bai wuce rabin taya ba. Bakanike ya wanke kafireto, muka sauya filogi, duk a banza. Mun zargi salansa ma, ba ita ba ce.

Ashe fanka ce ke ɗibar ruwa tana watsa wa distiributa, wato na'urar da ke rarraba wa filogi wuta. Da na cire murfinta na haska da tocila, sai ga tsaga siririya kamar gashi, ciki kuma duk laima.

Na sa sabon murfi da sabbin wayoyin filogi, na jera su 1-3-4-2 yadda silindojin injin ke karɓar wuta. Na daidaita tazarar foyin, wato makunnin wutar da ke cikin distiributa, a milimita 0.4, na shafa giris ɗin silikon a bakin kowace waya har da ta kwayil mai kawo wa distiributa wuta. Sannan na yanke kan yatsun safar hannu ta roba, na rufa wa distiributa, kowace waya ta fita ta yatsa ɗaya, biyar cif, na ɗaure. Na bar ƙaramar kafa a ƙasa don gumi ya riƙa fita. Bakin da injin ke shaƙar iska kuwa na ƙara masa tiyo na ɗaga shi sama.

Yanzu kafin in shiga ruwa ina ɗaura tampol gaban lagireto, in sa giya ta ɗaya, ba na ɗaga ƙafa daga totur. In na fita sai in tattaka birki ya bushe. Jiya motar ta haye lafiya lau, alhamdulillahi.