Yadda mai ƙaramin injin casar shinkafa zai mori buntu da dusa

A buhun shanshera (shinkafar da ba a casa ba) mai kilo 100, wajen kilo 20 buntu ne, wato ɓawon shinkafar, kilo 8 zuwa 10 kuma dusa. Da kuɗinka ka sayo su daga Kura ko Dawanau, saboda haka duk abin da aka share aka jibge a bayan shago yana hawa kan farashin shinkafarka ne, har maƙwabcinka ya fi ka sauƙi a kasuwa.

Fara da raba buntu da dusa. Injin da ke casa a zagaye ɗaya yana cakuɗa su, masu kiwon kaji kuwa ba sa sayen wannan haɗin da daraja, domin kaza ba ta narkar da buntu. Idan ba ka da injin ɓarewa daban, ka sa a tankaɗe da rariya mai ƙananan ramuka.

Dusa tana da mai, shi ya sa take yin wari da ɗaci cikin 'yan kwanaki, musamman da bazara. Ta shinkafar da aka turara ta fi jimawa. Ta ɗanya kuwa ka sayar cikin mako guda, ko a soya ta sama-sama, a bari ta huce sarai kafin a zuba a buhu. In aka ɗure ta da zafi sai ta yi gumi, fumfuna ta biyo baya.

Buntu shi ne zai rage maka kuɗin itace wajen turarawa. Kada a tula shi a murhu, hayaƙi kawai zai yi. A sa ƙarfe mai ramuka a karkace, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan don iska ta shiga ta ƙasa.

Ragowar a mayar da shi gawayi. A huda gindin ganga, a ƙona buntun har ya yi baƙi, a rufe kafin ya zama toka. A niƙa, a kwaɓa mudu 10 da kunun sitacin rogo na mudu 1, a danna cikin gwangwani ko guntun bututu, a shanya kwana 4 zuwa 5. Wanda ke farfashewa, ko sitaci ya yi kaɗan ko ba a danna sosai ba. Mai hayaƙi kuma, ko bai bushe ba ko buntun bai gama zama gawayi ba.

Gutsattsarin shinkafa a ware wa masu waina da tuwo. Tokar murhu a haɗa da kashin kaji a kai wa masu lambu, amma mai kwasa ya sa takunkumi, don ƙurarta tana cutar da huhu.