Darasi na 9: Kai Iyali Ganin Birnin Kaduna a Hutun Disamba

Idan Disamba ta kama, yara sun samu hutu, an kuma shigar da amfanin gona, to magidanci na iya kwasar iyalinsa su je su ga Kaduna. Wanda ya taso daga Zariya ko Giwa ko Makarfi, yini ɗaya ya ishe shi, muddin ya yi sammako.

Shiri da takarda da biro ake fara shi. Rubuta kuɗin mota na kowane mutum, zuwa da dawowa, da kuɗin keke a cikin gari, da na ruwan sha. Kuɗin dawowa a sa shi a aljihu dabam, kada a taɓa shi ko da yaro ya yi ta kuka a gaban mai kayan wasa. Uwargida ta yi dambu ta zuba a kula, don abincin saye a birni yana cin kuɗi. Lokacin hunturu ne, a sa wa yara rigar sanyi da hula, a shafe musu leɓe da ƙafa da mai.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci. Kowane yaro a rubuta masa sunansa, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da lambar wayar babba. A ninke takardar, a sa a aljihun rigarsa, a maƙale da fil. Tashar Kawo da Kasuwar Gumi cike suke da jama'a, kuma yaron da ya ɓace yakan ruɗe har ya kasa faɗin sunan ubansa. Magidanci ya rubuta da hannunsa, da manyan baƙaƙe, ya karanta lambar sau biyu. Lamba ɗaya in ta kuskure, takardar ba ta da amfani.

A fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975. A ciki akwai kawunan yumɓu na mutanen Nok, daga kudancin jihar nan, waɗanda suka haura shekara 2,000. Kusa da kayan akwai bayani a rubuce. In da Turanci ne, a roƙi ma'aikaci ya fassara, amma shekarun da ke jiki kai ma kana iya karanta su.

"Baba, wa ya gina wannan kai?"

"Tsaya mu duba allon tare."

Daga nan sai Gidan Arewa a titin Rabah, inda Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya zauna yana Firimiyan Arewa, har aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. Yanzu wurin cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. A nan ya kamata a daɗe, a bar yara su kalli hotuna su yi tambaya. Ginin Lugard Hall, inda Majalisar Dokokin Jiha take zama, ana iya ganinsa daga bakin titi. A sallaci azahar a Masallacin Sultan Bello, a je lambun shaƙatawa na Gamji a bakin kogi a buɗe kula. Can ne wata gadar ƙarfe take, wadda aka ɗauko daga Zungeru, tsohuwar hedikwatar Arewa. A riƙe hannun ƙanana, kogin Kaduna ba wurin wanka ba ne.

Da an yi la'asar a nufi tasha. Hazo yana rufe hanya, tafiyar dare da yara kuwa ba ta da daɗi.

Aiki:

1. A ce kuɗin mota N3,000 ne mutum ɗaya, zuwa kaɗai. Nawa mutum biyar za su biya, zuwa da dawowa?
2. Shekara nawa ke tsakanin 1966 da bana?
3. Rubuta takardar aljihu ta ɗaya daga cikin yaranka, ka kawo wa malami ya duba.